Na'urar maganar ɗana ta lalace, kakarsa ta ce kada a gyara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ɗana shekararsa 11. Shawara ce ta kama shi kwana huɗu da haihuwa, ba mu kai shi asibiti da wuri ba, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Hannuwansa da wuyansa ba sa tsayawa wuri ɗaya, maganarsa kuma ni kaɗai nake tsintar kaɗan a ciki, amma hankalinsa ras yake. Shekara biyar da suka wuce ƙanen babansa ya kawo masa na'urar magana daga Amurka, ta hannu ce, mai hotuna, in ya danna ta faɗa. Da ita yake neman ruwa, da ita yake cewa wani wuri na masa ciwo. Yanzu wata biyu ke nan ba ta riƙe caji, bayanta ya kumbura, gefe ɗaya na gilashin ba ya jin taɓawa. Mai gyaran waya ya ce sai ya yi mata filashin. Kakarsa kuma ta ce Allah ne ya raba shi da ita, wai ita ce ta hana shi magana, a kai shi wurin wanzami a yanke masa linzami. Tun da ta lalace ya koma cizon hannunsa, ba ya barci. Ni ma ba na barci. In gyara ne, ko in nemi wata, ko in bi maganar manya? Wata uwa daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki. Kafin komai, ki daina sa na'urar nan a caji daga yau. Bayan da ya kumbura batir ne ya lalace ya tara iska a ciki, kuma irin wannan batir yana iya kama wuta. Kada a matsa shi, kada a huda shi, kada a bar shi a rana ko a ɗakin da yara ke kwana. Mai yiwuwa ma shi ne ya turo gilashin daga ciki har gefe ɗaya ya daina ji, na sha ganin haka, a canza batir gilashi ya dawo daidai.

Filashin kuwa kada ki yarda. A wurin mai gyaran waya filashin shi ne a share komai a zuba sabuwar manhaja, kuma a waya yana aiki. A na'urar magana abin da ke ciki ya fi ƙarfen tsada: hotunan 'yan gidanku, kalmomin da kuka ƙara masa cikin shekara biyar, da wurin da kowace kalma take. Manhajar kanta ba a samunta a kasuwa. Tsofaffin na'urori irin su DynaVox V a kan Windows XP aka gina su, wanda Microsoft ta daina kula da shi tun 2014, a shekarar ne kuma wani kamfani mai suna Tobii ya sayi kamfanin DynaVox ɗin. In aka share irin wannan, sau da yawa ta tafi ke nan. Ki nemi mai gyaran kwamfuta mai haƙuri, ya cire batirin, ya gwada kunna ta da cajarta ta asali kawai. In ta tashi, aikin farko shi ne a kwafe shafukan a 'yar ma'ajiyar USB da ake soka wa kwamfuta, sannan ki ɗauki hoton kowane shafi da wayarki, ɗaya bayan ɗaya, ko shafi ɗari ne. Bayan nan ne za a yi maganar gyara. Lambar batirin tana jikinsa, ƙanen babansa zai iya nemo irinsa, kuma ya rubuta wa kamfanin da lambar na'urar ya ji ko suna karɓar irinta har yanzu. Kada a haɗa mata cajar da ba tata ba don kawai bakin ya shiga, a duba ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinta.

To amma ba batir ne ya sa na ajiye sauran wasiƙu na ɗauki taki ba. Maganar Hajiya kakarsa ce, domin ba ta wuce mako ban ji ta daga bakin wani ba: kaka, uba, malamin makaranta, har da ma'aikatan lafiya waɗanda ya kamata a ce sun fi kowa sani. “Ku ƙwace abin nan, in ya ji wuya zai yi magana.” Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ta cuci yara da yawa.

Ki duba lamarin da idon basira. Mai magana da baki yana fitar da fiye da kalma ɗari a minti ɗaya ba tare da ya san ya yi ba. Mai danna na'ura da hannun da ke kaɗawa, in ya haɗa kalma goma a minti ya yi ƙoƙari, ga gumi, ga gajiyar wuya. Wane yaro ne zai bar hanya mai sauƙi ya zaɓi wannan don lalaci? Ɗanki da zai iya kiran “Mama” tar da bakinsa da ya kira tun tuni, domin ya fi kowa so. Shawara mai tsanani a jariri tana lalata wani sashe can cikin ƙwaƙwalwa da ke daidaita motsi. Abin da ya hana hannunsa tsayawa shi ne ya hana numfashi da maƙogwaro da harshe da leɓɓa haɗuwa a lokaci ɗaya su fitar da kalma. Kalmar tana nan a kansa, hanyar fita ce ta samu matsala. Yunwa da ƙishirwa da kuka ba sa gyara wannan hanya, kamar yadda ƙwace sanda a hannun gurgu ba ya miƙar masa da ƙafa.

An kuma bincika abin, ba zato nake faɗa miki ba. A 2006 wasu masana uku a Amurka, Millar da Light da Schlosser, sun tattara binciken da aka yi a baya kan mutanen da aka ba wa hanyoyin magana irin waɗannan. A cikin gwaji 27 da bayanansu suka fi inganci, babu ko ɗaya da maganar baki ta ragu a cikinsa. Kashi 89 cikin ɗari ƙaruwa ma ta yi, sauran ta tsaya yadda take. Ƙaruwar ba mai yawa ba ce, ba zan yi miki alkawarin ɗanki zai buɗe baki ya yi ta zuba ba. Amma dalilin a fili yake: yaro ya danna hoton ruwa, ya ji kalmar, aka ba shi ruwa, hankalinsa ya kwanta, jikinsa ya saki. A irin wannan natsuwa ne 'yar muryar da yake da ita take fitowa. Yaron da aka tsare da ido ana cewa “faɗi mana, faɗi mana” jikinsa ƙara sandarewa yake yi.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa, sa'ar ɗanki ce ko ta ɗan fi shi. Babanta ya kulle na'urarta a durowa bisa shawarar wani mai magani da ya karɓi kuɗinsu ya ce nan da kwana arba'in za ta yi magana. Aka yi wata huɗu. Da aka kawo mini ita bayan hannunta na dama duk tabon haƙori ne, wani ya warke wani ɗanye, ana ce mini aljanu ne suke sa ta. Ban yi komai ba illa na ɗauko kwali mai hotuna goma sha biyu na ajiye a cinyarta. Ta daɗe tana kokawa da hannun kafin ya sauka a kan “ciwo”, sannan ya ja a hankali zuwa “baki”. Da muka haska fitila, turmin haƙorinta na ƙasa ya ruɓe har dasashi ya kumbura. Uwar ta zauna a ƙasa tana kuka. Wata huɗu yarinya tana fama da ciwon haƙori, abin da za ta faɗa da shi yana kulle a durowa. Cizon hannun da ɗanki ya koma yi magana ce, don haka ki duba bakinsa da kunnuwansa da cikinsa a daren nan, ki tambaye shi ɗaya bayan ɗaya ya ba ki amsar e ko a'a yadda ya saba. Akwai kuma abin da ba a son faɗa: yaron da ba shi da hanyar cewa “wane ya taɓa ni” shi mugaye suka fi nema. Duk wanda ya ƙwace masa murya ya sani har wannan kariyar ya ƙwace.

Linzami kuma, ina roƙonki da girman Allah kada a kai shi. Linzami na gaskiya akwai shi, wata 'yar fata ce da ke ɗaure harshe a ƙasa, takan wahalar da jariri wajen shan mama, likita yana dubawa ya gane cikin minti ɗaya. Ko mai linzamin yana magana, wasu haruffa ne kawai kan ba shi wahala. Ba ya mayar da yaro marar magana. Ƙarƙashin harshe cike yake da jijiyoyin jini. Ki ƙaddara aska a bakin yaron da kansa ke fizga ba da son ransa ba, wanda dama haɗiyar abinci tana ba shi wuya, yana shaƙewa da ruwa. Jini ya zuba ya bi ta hanyar iska, ko miki ya ruɓe ya daina cin abinci, ko ya ɗauki ciwon hanta ko sarƙewar haƙora daga askar da ba a dafa ba. Bayan duk wannan azaba ƙwaƙwalwar tana nan yadda take, domin aska ba ta isa can. Na gaji da ganin yaran da aka yanke wa linzami, aka cire wa beli, aka yi wa tsaga a ƙirji, sannan aka kawo su asibiti an ƙara musu ciwo a kan ciwo.

Mu koma kan gyara ko sauyi. Ra'ayina, in batir ne kawai kuma an samu, a gyara, domin hannunsa ya haddace wurin kowace kalma kamar yadda ƙafarki ta haddace hanyar madafi cikin duhu. Kada ki raina shaƙuwar mutum da muryarsa. Stephen Hawking, masanin kimiyyar nan na Ingila da ya rasa muryarsa a 1985, ya riƙe muryar na'urarsa ta farko har rasuwarsa a 2018. Da kayan cikinta suka tsufa, ƙin sabuwar murya ya yi, sai da injiniyoyi suka kwaikwayo masa tsohuwar a sabuwar kwamfuta. Amma ko an gyara ki fara shirin magajiyarta yanzu. A Amurka shekara biyar inshorar gwamnati ke lissafa wa irin waɗannan kaya kafin a sauya, taku kuwa ta hannu ce aka kawo, ga zafinmu, ga ƙura, ga wutar janareta.

Abin da ya fi dacewa da yawancin iyalai a nan shi ne kwamfutar hannu ta Android mai matsakaicin girma, a sa mata gida mai kauri, a haɗa da 'yar lasifika don a ji shi a tsakar gida. Akwai manhajoji na kyauta irin su Cboard, ki gwada ki tabbatar tana aiki ba tare da data ba kafin ki dogara da ita. Masu tsada irin su Proloquo2Go ba da Hausa aka gina su ba, kuma muryar Turanci ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, balle hawa da saukar muryarmu. Maganin wannan shi ne naɗar murya: ki samu yaro namiji sa'ansa ya faɗi kalmomin a naɗa, kada ki sa muryarki, don kada ɗa namiji ya riƙa magana da muryar uwarsa a gaban abokansa. Akwai kuma irin su GoTalk, marasa gilashi, da batirin rediyo suke aiki, abin da aka naɗa shi suke faɗa, suna jure faɗuwa, sai dai kalmominsu sun yi wa mai shekara 11 kaɗan. Ko wace kika zaɓa, ki jera kalmomin daidai inda suke a tsohuwar, hotunan da kika ɗauka ranarsu ke nan. Saboda kaɗawar hannunsa, a yanka masa farin roba mai kauri a huda ramuka daidai kowane hoto a ɗora a kan gilashin, masu yin allon talla suna iya wannan aikin. Ki nemi ƙwararren mai gyaran magana da ke da rajista a asibitin koyarwa ya duba zamansa da hannunsa, a kuma auna jinsa, domin shawara takan taɓa jijiyar ji.

Game da taimakon hukuma, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci an sa mata hannu a Janairun 2019, an kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa allunan magana da manhajojinsu cikin kayan taimako 50 da ta ce su ne kan gaba. Ki rubuta takarda, haƙƙinsa ne. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake rabon kaya a taro a ɗauki hoto, ba a ware ko sisi na batir da gyara ba. Don haka ki nema, amma kada yaro ya zauna shiru yana jiran amsar ofis.

Yau ɗin nan ki samo kwali, ki zana ko ki buga hotunan shafinsa na farko yadda kika tuna jerinsu: ruwa, abinci, bayi, ciwo, e, a'a, ƙara, ya isa, da sassan jiki. A lulluɓe shi da leda saboda yawu, ɗaya a kujerarsa, ɗaya a gefen shimfiɗarsa. Hajiya kuma kada ki yi gardama da ita, ƙauna ce ta sa ta faɗa, tana son ta ji muryar jikanta. Babansa ya kamata ya zauna da ita, in da hali ku taho da ita asibiti ta ji daga bakinmu. Ki sa hotonta a kwalin, kusa da “ina kwana” da “zo ki zauna”, gobe da safe ki tura kujerarsa ƙofar ɗakinta ki ja gefe ki bar su.