Ƙanwata, kar Baba ya sayar da filin nan tukuna

Saƙonki na murya ya iso, na saurare shi har ƙarshe. Kin ce wata jami'a a nan Ingila ta ba ki gurbin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, kina son ki koyi irin aikin da nake yi, kuma Baba ya ce in dai na sa baki zai sayar da filinsa na bayan gari a biya rabin kuɗin makaranta, sauran kuma "in kin zo kya nema". Tun bayan sallah irin wannan saƙon ke shigo mini daga 'yan'uwa da 'ya'yan maƙwabta, shi ya sa zan amsa a fili kowa ya karanta, kar gobe a ce Yaya ta samu hanya ta rufe ƙofa. Ba zan sa baki ba.

Maganar kuɗi ba za ta ja ni da nisa ba. Da wuya baƙo ya samu irin wannan karatun a ƙasa da fam dubu 15 a shekara, manyan makarantun Landan kuwa sun haura fam dubu 25. Ga kuɗin biza, ga harajin lafiya fam 776 a shekara, ga kuɗin ci da haya na wata tara da sai kin nuna a banki kafin ma a saurare ki. Doka kuma awa 20 kacal ta yarda ɗalibi ya yi aiki a mako lokacin da ake karatu. Da awa 20 za ki cike rabin kuɗin makaranta? Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, mutane sun kwana da kuɗin karatu a banki sun wayi gari darajarsa ta zube. A 2024 jami'ar Teesside ta dakatar da ɗalibai 'yan Najeriya da suka kasa biya a kan lokaci, wasunsu har takardar barin ƙasa aka aiko musu. Sannan tun Janairun 2024 mai digiri na biyu irin naki ba ya zuwa da iyali, sai masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Maigidanki da yaran nan biyu a gida za ki bar su, ƙaramar ko yaye ba a yi mata ba.

Amma ko da kuɗin na zube a gabanki, akwai abin da dillalan da ke nema muku makaranta ba sa faɗa, kuma shi ne ya fi damuna. Likita ko nas in sun ci jarrabawar samun izinin aiki ta ƙasar nan, iliminsu ya tsallako teku tare da su, domin jikin ɗan Adam ɗaya ne a ko'ina. Namu aikin a ɗaure yake da dokar gari. Tun Afrilun 2013 aka ɗauke yawancin harkar lafiyar al'umma daga hukumar asibitoci aka mayar da ita hannun ƙananan hukumomi, don haka ni a ofishin ƙaramar hukuma nake zaune, tsakanin masu ba da izinin gini da masu duba gidajen haya da masu ba da lasisin shaguna. Ba na taɓa majinyaci. Yinina yana ƙarewa ne a kan taswira, da takardun neman izini, da dokar tsara gari ta 1990, da dokar gidaje ta 2004. Digirin da za ki biya miliyoyi a kansa zai koya miki lissafin yaɗuwar cuta, amma ba zai koya miki yadda ake shawo kan kansiloli ba, kuma wannan ɗin ake tambaya a intabiyu.

Bari in nuna miki aikin da idona. A tsarin birnin Landan na 2021 akwai ƙa'idar da ta hana buɗe sabon shagon soyayyen abinci na tafi-da-gidanka a cikin tazarar mita 400 daga ƙofar makaranta. Wani mutum ya nemi izinin mayar da tsohon shagon wanki wurin sayar da soyayyar kaza da dankali, ƙofarsa na kallon wata firamare. Ni aka ba rubuta ƙin amincewar sashenmu. Na bi titin da ƙafata na auna, na ƙirga shagunan kaza da ke kan layin tuni, na ɗauko alƙaluman awon nauyi da ake yi wa yara 'yan aji shida na unguwar. Da daddare aka zauna, kansiloli a jere, lauyansa ya yi ta bayani a kan mutanen da shagon zai ɗauka aiki, ni kuma 'yan mintoci aka ba ni. Aka hana shi. Da muka fito sai ya tare ni a bakin ƙofa, ya dubi ɗankwalina, ya yi mini sallama, ya ce, "Har da ke, 'yar'uwa?" Shi ma baƙo ne irina, kuma duk abin da ya tara a shagon ya zuba. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Ya ɗaukaka ƙara, bayan watanni sufeton gwamnati ya tabbatar da hukuncin, har ya kafa hujja da taswirar da na zana. Ina alfahari da wannan takardar fiye da kwalin digirina. Amma ki sani babu wata uwa da za ta zo ta yi miki godiya don ɗanta bai kamu da ciwon suga ba nan da shekara talatin.

Kafin in kai ga wannan kujerar kuwa na sha wuya. Shekarun da na yi a sashen lafiya na ƙaramar hukumarmu a gida, ina bin unguwanni lokacin amai da gudawa, ina zuba sinadari a rijiyoyi, ina roƙon masu unguwa su sa a yashe lambatu, duk a nan ba a ɗauke su a bakin komai ba. Tambaya ɗaya ce kullum: kin taɓa aiki a Birtaniya? Wata mata a intabiyu ta dubi takarduna ta ce aikin da na yi a Afirka abin sha'awa ne, sai dai su ƙwarewa suke nema. Ni da na ga kwalara da idona, ita kuwa a littafi ta san ta. Aikin dare na yi ta yi a gidan kula da tsofaffi, ina canza musu zanen gado, da rana kuma ina aikin sa-kai ba ko sisi don kawai in samu wanda zai tsaya mini shaida. Ajinmu cike yake da 'yan Najeriya da 'yan Indiya, kuma yawancinsu har bizar shekara biyu ta bayan karatu ta ƙare ba su taɓa shiga ofishin lafiyar al'umma ba. Yanzu ma abin ya ƙara tsauri: albashin da ake buƙata kafin ma'aikata ta ɗauki nauyin bizarki ya koma fam 38,700 a 2024, ya sake hawa 41,700 a 2025, kuma ko da rangwamen da ake yi wa sabbin masu digiri, ƙananan hukumomi ba su cika ɗaukar nauyin ƙaramin ma'aikaci ba. Su kansu a matse suke. Birmingham, gari na biyu a girma, ta shelanta a 2023 cewa kuɗinta ba za su kai ta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗakin da na zauna. Bangon bayan gadona baƙi ƙirin da funfuna, kayan cikin akwati har wari suke, tari kuma ya ƙi barina duk hunturu. Da na kai kuka sai mai gidan ya ce tururin girkinmu ne, wai mu mutanen Afirka mun cika dafa miya. A garin Rochdale na nan Ingila, a Disambar 2020, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak, ɗan wasu 'yan Sudan, ya rasu saboda irin wannan funfunar. Mahaifinsa ya yi ta kai ƙorafi, masu gidan suka ɗora laifin a kan yanayin rayuwar iyalin, har da zargin wai irin wankansu ne ke jiƙa gidan. Binciken kotu a 2022 ya nuna gidan ne ba shi da isasshiyar hanyar fitar iska. A 2023 aka yi doka da sunan yaron, wadda ta yanka wa masu gidajen gwamnati wa'adin gyara. Duk ranar da takardar ƙorafin danshi ta zo teburina na ga suna irin namu a kai, ba ta kwana.

Kar ki ɗauka ina kushe ƙasar ne. Abin da ya ba ni mamaki da na zo shi ne lafiyar da kike hangowa a nan ba asibiti ne ya fara samar da ita ba. A 1854 kwalara ta kashe sama da mutum 600 a unguwar Soho ta Landan. Likita John Snow ya bi gida-gida ya gano ruwan famfon titin Broad ne ke yaɗa cutar, amma hukumar unguwa ce ta cire wa famfon hannu. Sai da warin kogin Thames ya addabi 'yan majalisa a 1858 sannan suka saki kuɗi Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa. Hayaƙin kwal ya kashe dubbai a Disambar 1952, dokar tsaftace iska ba ta zo ba sai 1956. Wata yarinya 'yar shekara tara mai ciwon asma ta rasu a unguwar Lewisham ta Landan a 2013, mahaifiyarta ta shafe shekara bakwai tana fafutuka kafin kotu ta rubuta cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya yi ajalinta. Duk da haka, da magajin gari Sadiq Khan ya faɗaɗa harajin fam 12.50 a rana kan tsofaffin motoci zuwa duk Landan a Agustan 2023, mutane suka riƙa bin kyamarorin da ke ɗaukar lambar motocin suna lalatawa. Har a wurin walimar suna, 'yan'uwanmu masu tsofaffin motoci sun tsare ni da faɗa kamar ni na sa hannu. In ba ki da haƙurin jiran shekaru da jure zagi, wannan fannin zai karya miki zuciya a nan ko a gida.

Kuma ki dubi inda kike tsaye. Kududdufan Kano da ke shanye ruwan sama an cike su an dasa shaguna, an yi gini a kan hanyar ruwa, damina na sauka gidajen ƙasa na rushewa. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari da ke shiga gida ya leƙa randa ya duba masai, matan gida na rawar jiki. Yau ina suke? Muna da dokar taƙaita shan taba tun 2015, muna da harajin naira 10 kan kowace litar lemon kwalba, amma wa ke bin diddigin aiki da su? A Zamfara gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010 saboda ana niƙa dutsen zinare a tsakar gida. Duk waɗannan aikinmu ne, kuma dokokinsu da harshensu da masu unguwanninsu ke kika san su, Baturen da zai koyar da ke bai san su ba.

In har zuciyarki na kan fitowa, hangen Dala ba shiga birni ba ne, ki bi ta ƙofa. Ki riƙe aikinki, ki yi digirin na biyu a Bayero ko a Zariya, daga baya ki nemi na digirgir da tallafi, wanda zai ba ki damar zuwa da maigidanki da yara. Ko kuma ki nemi Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, ko tallafin Commonwealth. Chevening na buƙatar aikin shekara biyu, kin riga kin cika wannan, kuma sharaɗinsu ne ki koma gida na aƙalla shekara biyu bayan kin gama. A watan Agusta suke buɗe nema. Kar ki rubuta musu cewa kina son taimakon al'ummarki, dubban mutane haka suke rubutawa. Ki zaɓi unguwa ɗaya da lambatu ɗaya, ki nemo adadin yaran da aka kai asibitin sha-ka-tafi da gudawa a daminar bara, ki faɗi wace hukuma ce ke da alhakin yashe shi da abin da ya hana ta. In kin gama ki turo mini in duba, amma ba ni zan rubuta miki ba.