Tambaya da Amsa: Wane tasiri mai binciken ɗanɗanon dabbobi yake da shi?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a fannin nazarin halittu. Malaminmu ya ambaci Farfesa Jianzhi Zhang, ya ce babba ne a nazarin ƙwayoyin gado. Da na duba sai na ga bincikensa a kan ɗanɗanon panda ne da jin jemage. Da me ake auna tasirin irin wannan mutum? Da yawan masu kafa hujja da rubutunsa?

Amsa: Ƙanwata, lissafin da kika ambata yana nan. Tun 2005 wani masani mai suna Jorge Hirsch ya fito da ma'aunin da ake kira h: mai h 50 yana da maƙaloli 50 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 50. Yana da amfani, amma ni ba da shi nake farawa ba. Nakan duba ko aikin mutum ya sauya yadda sauran masana suke yin tambaya.

Zhang ɗan ƙasar Sin ne da ya yi digirin digirgir a Amurka a hannun masanin ƙwayoyin gado Masatoshi Nei, yana kuma koyarwa a Jami'ar Michigan. Dabararsa ita ce karanta tarihin dabba daga ƙwayoyin gadon da suka daina aiki. Ƙwayar gadon da dabba ta daina buƙata takan lalace sannu a hankali, ta zama kamar kangon gida: babu kowa a ciki, amma tushen katangar yana nan, mai ido zai gane inda zaure yake, har ya ƙiyasta yaushe aka tashi.

Ɗauki panda. Dangin beyar ne, hanjinsa na maciyin nama ne, amma gora yake ci. Harshenmu yana gane ɗanɗano biyar: zaƙi, ɗaci, tsami, gishiri, da na biyar da Japanawa suka kira umami, wato garɗin nan da kike ji a romon nama ko miyar da ta ji daddawa. Ƙwayar gadon Tas1r1 da ke taimakawa a ji shi ta mutu a jikin panda. A 2010 Zhang da Huabin Zhao da abokan aikinsu suka ƙiyasta cewa ta daina aiki kimanin shekara miliyan 4.2 da suka wuce, a zamanin da panda yake juya wa nama baya. Abin da ya burge ni shi ne ba su yi azarɓaɓin cewa wannan ne ya raba shi da nama ba, don saniya da doki ciyawa suke ci amma tasu lafiya lau take.

A 2015 suka koma kan fengwin, tsuntsun nan na yankin ƙanƙara. Zaƙi dama tsuntsaye sun rasa ƙwayar gadonsa tuntuni, shi kuwa ya ƙara da rasa ta ɗaci da ta umami, saura tsami da gishiri. Mai rayuwa da kifi ke nan, yana haɗiye shi ɗungurungum. Hasashensu shi ne sanyin Antatika ne sila, domin furotin Trpm5 da ke kai saƙon waɗannan ɗanɗano uku ba ya aiki sosai cikin tsananin sanyi.

Inda na fi ganin girmansa kuwa batun jemage ne. Wasu jemagu da dolfin, wata dabbar teku mai shayarwa, suna gane hanya da amsa-kuwwa: su saki sauti, su saurari dawowarsa. A 2010 ayarinsa, da wani ayari daban a lokaci guda, suka nuna cewa furotin prestin na cikin kunnen waɗannan dabbobi ya yi sauye-sauye iri ɗaya, alhali ba dangi na kusa ba ne. Labari mai daɗi, kowa ya karɓa. A 2013 wata maƙala a mujallar Nature ta faɗaɗa shi, ta ce irin wannan kamanceceniya tana wurare kusan 200 a ƙwayoyin gadonsu. Da Zhang mai son suna ne, da ya yi shiru, tunda ra'ayin da shi ya taimaka aka kafa ake ɗaukakawa. Sai ga shi a 2015 shi da Zhengting Zou sun sake lissafin, suka nuna kamancin bai wuce wanda ake samu idan aka gwada su da dabbobin da ba sa amfani da amsa-kuwwa ba. Wasu masana biyu, Thomas da Hahn, su ma suka cim ma wannan matsaya a shekarar. Tun daga nan, duk mai iƙirarin irin wannan kamanci sai an tambaye shi da wace dabba ya gwada.

In za ki karanta shi, fara da maƙalar 2013 ɗin, sannan martanin 2015, ki ajiye su gefe da gefe ki bi lissafin da fensir a hannu.