Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Aikin Tantanin Ƙwayar Halitta a Jikinmu

Tambaya: Likita, ɗana yana fama da gudawa, ma'aikaciyar asibiti ta ce in haɗa masa ruwan gishiri da sukari. Gishirin na fahimta, amma mene ne amfanin sukarin? Ko zan iya barinsa? (Wata uwa daga Gusau)

Amsa: Hajiya, kada ki kuskura ki cire sukarin, domin shi ne yake jan gishirin zuwa cikin jiki. Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da wani siririn tantani wanda kaurinsa bai wuce nanomita 10 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma ginshiƙinsa shimfiɗa biyu ne na sinadarin maiƙo da ake kira fosfolifid, da furotin iri-iri a dashe a cikinsu. Gishiri da sukari ba sa iya ratsa maiƙon nan da kansu, sai ta cikin waɗannan furotin, waɗanda suke aiki tamkar masu gadin ƙofar gari, kowane da irin wanda ya yarda ya wuce. A tantanin ƙwayoyin ƙaramin hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, sai yana tare da gulukos, wato nau'in sukarin da jiki yake samu daga sukarin da muke sha. Da zarar sun shiga tare, ruwa sai ya bi bayansu. Masanin nan Robert Crane ne ya bayyana wannan tsari a 1960, kuma abin farin cikin shi ne ko a cutar kwalara ƙofar ba ta daina aiki. Da wannan haɗi Dakta Dilip Mahalanabis ya ceci rayukan 'yan gudun hijira masu yawa lokacin yaƙin Bangaladash a 1971, sa'ad da ruwan ƙari ya yi ƙaranci. Ƙunshin ORS na asibiti, wato garin haɗin gishiri da sukari da aka riga aka auna, ya fi, amma idan babu, ki zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe da rabin cokalin shayi na gishiri a lita 1 ta tsabtataccen ruwa. Kada ki ƙara sukarin don daɗi, yawansa na tsananta gudawar. Idan kika ga idanun yaron sun zurma, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya kasa sha, ki garzaya da shi asibiti.

Tambaya: Me ya sa ruwan da ake ƙara wa marar lafiya yake da gishiri, ba a sa zallar ruwa? (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

Amsa: Ɗan'uwa, ruwa yana ratsa tantani cikin sauƙi, har yana da hanyoyinsa na musamman, waɗanda gano su ya sa Peter Agre ya sami kyautar Nobel a 2003, kuma kullum ruwan yana karkata ne zuwa ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Da za a ɗura zallar ruwa a jijiya, da ya kwarara cikin jajayen ƙwayoyin jini su kumbura su fashe. Shi ya sa ake haɗa shi da gishiri giram 9 a kowace lita, daidai da abin da jini yake jurewa. Ina jan kunnen jama'a ƙwarai game da masu ƙarin ruwa a gida ba tare da ƙwarewa ba.

Tambaya: An ce sukari ya yi yawa a jinina, amma kullum ina jin kasala da yunwa. Yaya mai yawan sukari zai rasa ƙarfi? (Wani magidanci daga Kumasi)

Amsa: Malam, sukarin yana cikin jini ne, bai isa inda ake buƙatarsa ba. Ƙwayoyin tsoka da na kitse suna ajiye ƙofofin gulukos a cikinsu, sai sinadarin insulin ya sauka a kan mazauninsa da ke jikin tantani sannan ƙofofin su fito su karɓi sukarin. A ciwon suga nau'i na 1 jiki ba ya samar da insulin, a nau'i na 2 kuwa, wanda ya fi yawa a tsakanin manya, ƙwayoyin ne ba sa amsa kiransa yadda ya kamata. Abin da nake so ka riƙe shi ne motsa jiki yana fito da waɗannan ƙofofi ta wata hanya da ba ta dogara da insulin ba, don haka tafiyar ƙafa bayan cin abinci tana da tasiri na gaske. Sai dai ba ta maye gurbin maganinka ba. Ka ci gaba da sha, kana auna sukarinka kamar yadda likitanka ya tsara.

Tambaya: Shin kolestarol duk cuta ne? (Wata malamar makaranta daga Zariya)

Amsa: A'a, Malama. Kolestarol wani nau'in maiƙo ne, kuma tantanin kowace ƙwaya a jikinki yana ɗauke da shi, shi ne yake hana tantanin yin ruwa-ruwa ko sandarewa, kuma hanta tana samar da shi da kanta. Illar tana zuwa ne idan nau'in LDL, wanda ake kira mummunan kolestarol, ya yi yawa a jini ya taru a bangon jijiyoyi, wanda gwajin jini ne kaɗai zai nuna miki matsayinki.