Gidan da ɗalibai suka gina, zai jure wata guguwar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji cewa a Amurka, bayan mahaukaciyar guguwar Katrina, ɗaliban da ke karanta zanen gini sun riƙa zana gidaje suna gina wa iyalai. Anya ba a mayar da talaka zakaran gwajin dafi ba kuwa? Yaron da bai gama koyo ba, ta yaya za a damƙa masa rufin da iyali za su kwana a ƙarƙashinsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Labarin gaskiya ne, kuma ka yi daidai da ka damu. Sai dai ni ba hannun ɗalibin nake tsoro ba. Abin da nake fara tambaya shi ne wa ke tsaye a kansa, kuma wa za a nema idan rufi ya fara yoyo bayan shekara biyar.

Katrina ta sauka ranar 29 ga Agusta, 2005. Ganuwar da ke tare ruwa ta fashe, ambaliya ta mamaye kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin New Orleans. A wannan shekarar sashen zanen gini na Jami'ar Tulane da ke birnin ya fara shirin URBANbuild, wanda Byron Mouton ya daɗe yana jagoranta. A zangon karatu na farko ɗalibai su yi zane, a zaɓi guda. A zango na biyu su ajiye kwamfuta su ɗauki guduma da zarto. Zanen ba ya wucewa sai ƙwararre mai lasisi ya sa hannu, hukumar birni ta ba da izini, masu duba gini kuma su zo kamar yadda suke zuwa wa kowane ɗan kwangila. Galibin gidajen a unguwar Central City suke, kuma an yi shekaru ana sayar da su ta hannun wata ƙungiyar samar da gidaje mai suna Neighborhood Housing Services, ba kyauta aka raba su ba.

Ga inda aikin yake. Iskar guguwa ba tura bango kawai take yi ba, ɗaga rufi take yi sama kamar yadda ake buɗe murfin tukunya. Da zarar rufi ya tafi, bangon katako ya rasa abin da ke riƙe shi. Shi ya sa ake ɗaure kowane katakon rufi da bango da wani siririn ƙarfe, a ɗaure bango da daɓe, a ɗaure daɓe da ginshiƙai har cikin ƙasa. Kowane ƙarfe yana da ramukan ƙusa, kuma ana so a cika su duka. Kafintan da ke sauri yakan buga uku ya wuce. Ɗalibin da malami ke bin sa rami-rami ba shi da wannan damar.

Sai maganar ruwa. Dole a ɗaga gidan sama da matakin ambaliya da hukumar ba da agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta ƙayyade. A Biloxi ta jihar Mississippi, inda David Perkes ya jagoranci cibiyar zane ta Jami'ar Jihar Mississippi tare da ƙwararru da ɗalibai da 'yan sa-kai, wasu gidajen sai da aka ɗaga su sama da tsayin mutum. To tsohuwa mai ciwon gwiwa fa, ta ina za ta hau? A ina za ta zauna ta gaisa da maƙwabta? Ba a samun amsar wannan sai an zauna da mai gidan, kuma ɗalibai suna da lokacin zaman.

Rauninsu shi ne yawa. Gida ɗaya a shekara ba zai tsugunar da birnin da ya rasa dubban gidaje ba, kada kowa ya ruɗe ka.

Ka kuma dubi gidauniyar Make It Right da ɗan wasan fim Brad Pitt ya kafa a 2007 don gina wa waɗanda Katrina ta raba da gidajensu. Shahararrun masu zanen gini na duniya ne suka zana mata gidaje sama da ɗari a unguwar Lower Ninth Ward. Cikin 'yan shekaru katako ya fara ruɓewa, rufi yana yoyo, fumfuna ta kama bango, domin wasu zanen ba su yi la'akari da yawan ruwan sama da damshin garin ba. A 2018 mazauna suka garzaya kotu, wasu gidajen ma rushe su aka yi. Abin yana min ciwo, don waɗannan mutane sun riga sun rasa gida sau ɗaya. Malaman Tulane kuwa a garin suke zaune, kuma kowace shekara sai sun dawo da sababbin ɗalibai su yi aiki kusa da gidajen da aka gina a baya.