Shin buɗe kan iyaka ne ya kashe masaƙun Kakuri?

Tambaya: Malam, mahaifina ya yi aiki a wata masaƙa a Kakuri har ranar da aka rufe ta. Kullum yana cewa atamfar waje ce ta raba su da abincinsu. Amma ina jin masana a rediyo suna cewa buɗe ƙofar ciniki da ƙasashen waje na rage talauci. Wa ke da gaskiya?
Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, ka gaishe mini da Baba, ba ƙarya ya faɗa ba. Garin da aka kafa Kaduna Textiles a 1957, wanda dubban magidanta suka ci abinci da sana'ar saƙa, shi ne ya wayi gari a 2007 babbar masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) ma ta rufe ƙofa. Atamfar China mai araha ta cika Kantin Kwari.

Sai dai akwai abin da nake so ka lura da shi. Gwamnatin Obasanjo ta haramta shigo da atamfa, amma kayan ba su daina shigowa ba. Ana sauke su a Kwatano, su bi ta Maraɗi, 'yan fasa-ƙwauri su tsallako da su. A lokacin kuma masaƙunmu da janareta da baƙin mai suke aiki saboda babu wutar NEPA, injinan sun tsufa, audugar Funtuwa da Gusau ta ja baya. Mai sayen wuta da tsada haka, ta yaya zai kara da wanda wutarsa ba ta ɗaukewa?

Masanan ma suna da hujja. Bangladesh ta ɗinka wa duniya tufafi, ma'aikata wajen miliyan 4 suka samu aiki, da yawansu matan karkara. Vietnam ta sassauta kasuwarta daga 1986, ƙasar da ke fama da ƙarancin abinci ta koma mai sayar da shinkafa waje. Su sun buɗe ƙofa ne da hajar sayarwa a hannu.

Rufewar ma mun ɗanɗana. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 an toshe iyakokin ƙasa. Masu injin casar shinkafa sun samu kasuwa, amma buhu ya yi tsada, ƙananan 'yan kasuwar Jibiya da Illela suka zauna ba ciniki. Abin da ke ci mini rai ke nan: ko an buɗe ko an rufe, talaka ne ke fara shan wuya.

Yanzu ga yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka da ta fara aiki a 2021. Ni a ganina, a fara gyara wuta da noman auduga, kafin a ce wa ƴaƴan Kakuri su fito gasa.