Amsa kan ɗanɗanon jan giyar ƙananan gonaki

Malam, ka tambayi abin da ya sa jan giyar inabi ta ƙananan gonakin Faransa take canza ɗanɗano daga shekara zuwa shekara. Dubi Morgon a yankin Beaujolais, inda tun 1981 manomin inabi Marcel Lapierre ya bi shawarar Jules Chauvet, wani masanin haɗa giyar inabi, ya kauce wa takin zamani da maganin ciyawa. Da hannu ake tsinkar inabin Gamay, a bar shi ya tsima da yis ɗin jikin ɓawonsa, salfa kuwa, sinadarin da ke hana giya lalacewa, kaɗan ake sawa ko ma babu, shi ya sa damina da zafin kowace shekara suke bayyana a kwalba. A ganina aikin gaskiya ne, sai dai giyar tana saurin lalacewa idan zafi ya taɓa ta.