Tambayoyinku kan hoto: me ya sa teku ke karkacewa a wayata?

Tun bayan sallah tambayoyin da ke zuwa mini kusan duk kan hoto suke, musamman hoton waje: teku, gada, gari daga nesa. Na zaɓi huɗu, domin amsarsu za ta wadatar da sauran.

Wani ɗan'uwa daga Agege, nan Legas, ya ce: "Malam, mun je bakin teku a Lekki da iyali. Abin da idona ya gani ya yi kyau ƙwarai, amma da na dawo gida na duba hotunan, ruwa ne kawai da sama, kuma a karkace kamar tekun zai zube. Wayar ce ba ta da kyau?"

Ɗan'uwa, kada ka ɗora wa wayar laifi. Idonka yana yawo, kunnenka na jin ƙarar igiyar ruwa, iska na kaɗa ka, duk wannan ya haɗu ya ba ka daɗin da ka ji. Kyamara kuwa taga ɗaya ce mai kusurwa huɗu, abin da ka sa a cikinta shi kaɗai za ta kawo maka gida.

Mu fara da karkatar. Shiga saitin kyamara ka nemi inda aka rubuta Grid, ka kunna. Layuka huɗu za su fito a fuskar wayar, biyu a tsaye biyu a kwance, su raba ta gida tara. Ba sa fitowa a hoton, jagora ne kawai. Ka daidaita layin da ruwa ya haɗu da sama da ɗaya daga cikin layukan kwancen. Ko kaɗan wannan layi ya karkace, mai kallo zai ji wani abu bai zauna daidai ba, ko da bai san mene ne ba, domin kowa ya san ruwa ba ya tsayuwa a gangare.

Wanne layi za ka zaɓa, na sama ko na ƙasa? Ka duba inda kyan yake. In gajimare ya yi ja da yamma, sauke layin ruwan ƙasa, sama ta ci kashi biyu cikin uku. In sama fara ce fat babu komai, ɗaga layin, ka ba yashi da kumfa fili. Abin da yawancinmu ke yi shi ne raba hoton biyu daidai a tsakiya, sai ido ya rasa inda zai sauka.

Babbar matsalar hotonka ita ce babu komai a gaba. Nemi abu ɗaya kusa da kai: kwale-kwalen masunta da aka ja bisa yashi, igiyarsa a kwance, ko sawun ƙafar ɗanka a jiƙaƙƙen yashi kafin ruwa ya shafe shi. Durƙusa, ka sauke wayar zuwa gwiwa, sawun ya cika ƙasan hoton, tekun ya miƙe a bayansa. Nan take hoton zai yi zurfi, a ga kusa a ga nesa. Sa kwale-kwalen a inda layukan nan suka gitta juna, kada ya zauna tsakiya tsaf.

Akwai kuma abin da ya shafi Legas kanta. Bakin tekunmu kudu yake kallo, saboda haka in ka fuskanci ruwa da yamma, rana tana faɗuwa ta hannun damanka ne, ba a gabanka ba. Juya ka bi tsawon gaɓar, bakin ruwan ya zama layin da zai ja ido zuwa inda ranar take. Kuma ka yi sauri. A nan rana ba ta jan lokaci wajen faɗuwa, kana cikin gyara tsayuwa za ka ji an kira magariba.

Wata baiwar Allah daga Idi-Araba ta ce: "Na ɗauki gadar Lekki zuwa Ikoyi daga nesa, na yanke gefe da gefe har gadar ta cika hoton. A waya ya yi kyau, amma da na kai a wanke mini babba sai ya fito dishi-dishi. Wayata kuwa megafiksil 50 ce."

Hajiya, lissafi ne ya kama ki. Hoto ɗigo-ɗigo ne ƙanana da ake kira fiksil, miliyan ɗaya daga cikinsu shi ne megafiksil ɗaya. Wayoyi da yawa masu megafiksil 50 ba sa ba ki hamsin ɗin sai kin kunna da kanki. A yadda suke zuwa, suna haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya don hoton ya yi haske, sai ki tashi da kusan megafiksil 12, wato ɗigo wajen 4000 a faɗi da 3000 a tsayi.

To, in kika yanke rabin faɗi da rabin tsayi, ba rabin hoton ne ya rage ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne: 2000 da 1500, megafiksil 3. In kika ƙara yankewa haka, kin koma 1000 da 750, ko miliyan ɗaya bai kai ba. Wanki mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Cikakken hotonki zai iya kai inci 13 a faɗi lafiya lau, amma wanda aka datse sau biyun nan bai fi inci uku da ɗoriya ba. Da mai wanki ya ja shi ya cika babbar takarda, dole wayoyin ƙarfen nan da ke saukowa daga dogon ginshiƙin gadar su narke, alhali su ne kyan gadar tun da aka buɗe ta a 2013.

Ja da yatsu biyu don zuƙo abu ma yankan ne, in dai wayar ba ta da madubi na daban mai hango nesa. Wayar tana datse tsakiya ne ta kumbura shi. Maganin shi ne ki matsa kusa da ƙafarki, ko ki haƙura gadar ta zauna ƙarama, ruwa da gine-ginen bayanta su taya ta. In kin san za ki yanke da yawa, kunna cikakken megafiksil ɗin, amma da rana, lokacin da haske ya wadata.

Ina kuma zargin ta WhatsApp kika tura wa mai wankin. Manhajar tana matse hoto ta rage shi. Tura shi a matsayin fayil, ko ki kai a kebul. Sannan duk lokacin da kika yanke, ajiye kwafi, kada ki danne na asali. Ni kaina na taɓa yin asarar hoton wata safiya a bakin tekun Tarkwa Bay ta haka, a wata tsohuwar waya. Na datse shi don ya shiga sitatus, na ajiye a kansa, jirgin ruwan da ke gefen hagu ya tafi ke nan har yau.

Wani ɗalibi daga Mile 12: "A kyamara ina ganin 4:3 da 16:9 da Full. Wanne zan bari?"

Waɗannan lambobi siffar hoton suke nuni, wato faɗi da tsayi. Bar shi a 4:3, ƙanena. Idon kyamarar yawancin wayoyi a wannan siffa aka ƙera shi, sauran duk yanka ne wayar ke yi maka tun kafin ka gani. A 16:9 kana zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na hoton. Ɗauki cikakke, ka yanke daga baya da manhajar Google Photos ko Snapseed. Sai dai in sitatus kake nufi, tsayar da wayar tun farko, domin hoton da aka ɗauka a kwance in aka mayar da shi 9:16, fiye da rabin faɗinsa ne ke tafiya. Ka kuma bar ɗan fili a gefuna, saboda miƙe karkataccen hoto yana cin kusurwoyi.

Wani direba daga Obalende: "Ina son hoton gadar Third Mainland, amma lokacin hunturu hazo yana ɓata komai."

Maigida, kafin komai, don Allah kada ka tsaya a kan gadar ko ka ɗaga waya kana tuƙi. Kyanta ma daga ƙasa ake ganinsa. Daga bakin ruwan da ke Akoka, wajen Jami'ar Legas, za ka gan ta a miƙe bisa ruwa. Tsawonta ya kusa kilomita 12, ba hoton da zai ɗauke ta duka, don haka zaɓi yanki: ginshiƙai su shigo daga kusurwar ƙasa su tafi suna ƙanƙancewa.

Hazon kuma ni ba na ganinsa a matsayin abokin gaba. Yana share tarkacen baya, ginshiƙan kusa su fito baƙi, na nesa su dusashe har su ɓace. Abin da ke kashe hoton shi ne farar sama mai yawa. Nan ne yanka ke da amfani na gaskiya: datse saman, ka bar hoton dogo siriri, gada da ruwa kawai. Taɓa fuskar wayar a kan gadar, ka ɗan ja hasken ƙasa, ka goge madubin kyamarar da gefen rigarka, domin ƙurar hunturu tana kwanciya a kai. Jira kwale-kwale ya shigo, ka bar fili a gabansa, wajen da ya nufa, ba a bayansa ba.

In ka gangara wajen Makoko, inda gidaje ke tsaye kan sanduna cikin ruwa, ka tuna gidajen mutane ne da iyalansu. Yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, in an ce a'a ka mayar da ita aljihu.